Yadda Ake Hutu a Jirgin Ruwa Daga Jidda, Musamman Ga Mai Tafiya da Tsohuwa

Duk wadda ta tare ni da zancen jirgin ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Jidda, abin da take fara tambaya shi ne nawa ne tikiti. Ni kuma nakan ce mata ta fara gaya mini da wa za ta tafi. Amsar wannan ce za ta nuna irin ɗakin da za a kama, da watan da za a tashi, da garuruwan da za a sauka, har da abin da za a zuba a jaka. Ni da mahaifiyata na tafi, da maigida da yara, kuma a ganina babu tafiyar hutun da ta dace da gida mai tsoho kamar wannan. Sau ɗaya za ki kwance kaya. Ɗakin da kika kwana shi zai kai ki gari na gaba, ba ɗaga akwati, ba neman sabon masauki da daddare. Idan tsohuwa ta gaji sai ta shige ta miƙe ƙafa, tafiya kuwa ba ta tsaya ba. Sai dai wannan sauƙin a gida ake shirya shi tun da sauran makonni, ba a bakin mina, wato tashar jiragen ruwa, ba.

Abin bai daɗe a nan Saudiyya ba. A 2021 aka kafa kamfanin Cruise Saudi, a shekarar kuma jirgin MSC Bellissima ya fara ɗaukar masu hutu daga Jidda. A Disambar 2024 ne jirgin AROYA, wanda na Saudiyya ne da kanta, ya fara aiki. A Jamus aka ƙera shi a 2017, tsawonsa mita 335, yana ɗaukar fasinja sama da 3,300. Tun ƙarshen 2023 da hankali ya tashi a kudancin Bahar Maliya, kamfanonin waje da dama sun janye jiragensu daga yankin, saboda haka kada ki dogara da jadawalin bara. Wuraren da aka saba tsayawa su ne Yanbu a gaɓar Saudiyya, Safaga da Sharm el-Sheikh da Sukhna a Masar, sai Akaba a Jordan. Ga mai tsohuwa, a nemi tsakanin Nuwamba da Maris. Duk wanda ya san zafin Jidda da guminta a Agusta ya san ba lokacin yawo da dattijuwa ba ne.

Takardu ne suka fi hana mutanenmu tafiya, don haka zan tsaya a kansu. Mina tana da jawazat, wato jami'an shige da fice, kamar yadda filin jirgin sama yake da su, hatimin fita da na shiga duk ɗaya ne. Mu da aka haifa a nan amma fasfonmu na Najeriya ko na Nijar ne, sai igama, wato katin izinin zama, ta kasance da ranta, kuma ta zarce ranar dawowa. Sai kuma kuruj da auda, wato bizar fita da dawowa, ga kowane mutum, har jariri. Maigida ne ke cire wa iyalinsa ta manhajar gwamnati ta Absher, shi kuma kafilinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa, ko wurin aikinsa ke cire masa nasa. Na fita ɗaya riyal 200 ne har tsawon wata 2. Ki tuna masa ya duba ko akwai tarar hanya a kansa, don idan ba a biya ta ba bizar ba ta fita. Fasfo kuma kamfanonin jiragen ruwa sun saba neman wanda ya rage masa aƙalla wata 6 bayan ranar dawowa. Idan na Inna ya kusa mutuwa, a je ƙaramin ofishin jakadanci a sabunta tun kafin a biya kuɗin ɗaki.

Akwai abu biyu da nake roƙon kowa ya tambayi kamfani, kuma ya karɓi amsar a rubuce. Na farko: mai fasfo irin nawa yana bukatar bizar Masar ko ta Jordan kafin ya hau? Kada ki kwatanta kanki da maƙwabciyarki 'yar ƙasa, dokarku ba ɗaya ba ce. Kada kuma ki ce ai ba za ki sauka ba, a ɗaki za ki zauna. Akwai hanyoyin da ba a barin mutum ya hau jirgin sam idan ba shi da bizar ƙasar da za a tsaya. Na biyu: ko da tafiyar ba ta taɓa wata ƙasa ba, ana neman kuruj da auda? Baƙon da ya zo Umra daga gida kuwa ya duba bizarsa da kyau. Idan ta shiga ɗaya ce, yana fita ta ƙare, ba zai dawo da ita ba. Wanda takardunsa ba su daidaita ba, don Allah ya haƙura tukuna har Allah Ya daidaita masa. Ba hutu zai je nema ba, wahala zai jawo wa kansa da iyalinsa.

Kafin takardu ma, sai da na sha aikin shawo kan Inna. Iyayenta da ƙafa suka baro ƙasar Kano, suka yi shekaru a Sudan suna aikin auduga suna tara guzuri, sannan suka tsallako daga Sawakin a jirgin katako. Ta taso tana jin labarin ƙishirwa da iska da waɗanda aka rasa a hanya. Ga kuma abin da ya faru a Fabrairun 2006, da jirgin fasinja ya taso daga garin Duba na Saudiyya zuwa Safaga ya nutse da mutum sama da 1,000. Babu ɗan Jidda mai shekaru da ya manta. Ta ce mini, "'Yar nan, ruwan da ya bar iyayena suka wuce, ni ce zan koma ina yi masa wasa?" Ban yi mata musu ba, don tsoronta yana da tushe. Abin da na yi shi ne na zauna na yi mata bayani dalla-dalla. Akwai dokar ƙasa da ƙasa ta kare rayuka a teku, wadda aka fara rubutawa a 1914 bayan nutsewar Titanic, kuma ta wajabta wa irin waɗannan jirage su ɗauki kwale-kwalen ceto da za su ɗebe kowa har wuri ya ragu. Bayan haɗarin Costa Concordia a Italiya a 2012, aka ƙara tsananta cewa dole a koya wa fasinja abin da za su yi kafin jirgi ya tashi, ko da zarar ya tashi. Ta saurara, ta yi istihara, bayan kwanaki ta ce a kama ɗakin. Idan taki tsohuwar ta ƙi bayan an yi mata bayani, ki bar ta. Ba a kai mutum hutu da ƙarfi.

Ɗakuna iri huɗu ne a yawancin jirage: na ciki marar taga, mai taga da ba a buɗewa, mai baranda, sai manyan ɗakuna masu falo. Matasa masu wuni a waje na ciki ya ishe su, ya fi araha. Amma dattijuwa wadda rabin wuninta a ɗaki za ta yi, ki daure ki kama mata mai baranda, ko aƙalla mai taga. Tana ganin fitowar alfijir da faɗuwar rana da idonta, ba sai ta tambayi kowa lokacin salla ba. Inda ɗakin yake ya fi girmansa muhimmanci. Tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne motsi ya fi ƙaranci. Goshi da wutsiya su suka fi tashi da sauka. Ki buɗe taswirar jirgin ki ga abin da ke samanki da ƙasanki. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin wanka ko wurin kiɗa, jan kujeru da ganguna ba za su bar ku ku yi barci ba. Ki nemi kusa da lif, domin lungunan jirgi doguwar tafiya ce ga mai ciwon gwiwa. Mai keken guragu ta zo da nata, ta kuma nemi ɗakin da aka yi don masu keke tun da wuri, ba su da yawa. Mai juna biyu ta sani yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda cikinta ya kai mako 24, jariri kuma sai ya cika wata 6.

Batun kuɗi kuwa, farashin da kika gani a talla shi ne farkon lissafi. Yawanci ya ƙunshi ɗaki, da abinci a manyan ɗakunan cin abinci, da wasannin dare. Abin da ake ƙarawa a kai: kuɗin hidima da ake yanka wa kowane mutum kowane dare, kuɗin mina, lemuka da gahawa ta musamman, wani lokaci har ruwan gora, intanet, wanki, hotunan da masu ɗaukar hoto ke yi muku, ganin likita, da yawon garuruwa. Ki sa a lissafa miki duka kafin ki biya. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Kati ɗaya ake ba kowa, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma ake saye da shi, a tara a kan katin banki ko kuɗin da kika ajiye. Yaro mai kati a wuya ba ya jin zafin riyal. Ranar farko ki je teburin karɓar baƙi ki ce a rufe sayayya a katunan yara, ko a sa musu iyaka. Wayarki ma ki sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, don layin da waya ke kamawa a tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam yake bi, kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Inshorar tafiya kuma kada a tsallake ta ga mai hawan jini ko sukari. Ta igama ba lallai ta yi aiki a asibitin jirgi ba.

Wajen haɗa kaya, abu na farko da za ki cire daga jaka shi ne turaren wuta da gawayi da kasko, har mai amfani da lantarki. Na san yadda ɗaki marar turare yake a wajenmu, amma wuta ita ce babbar abokiyar gabar jirgi, kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi, kuma za a karɓe kayan tun a wajen bincike. Humra da turaren fesawa sun wadatar. Dutsen guga da butar dafa ruwa su ma ba a shiga da su. Abin da za ki saka: buta, darduma mai ɗan nauyi, takalmin da ba ya santsi, rigar sanyi saboda sanyin na'ura a ɗakunan cin abinci da iskar dare, fil ko ƙaramin hijabi mai kama kai don iskar sama tana kwashe mayafi, mahaɗin soket, da ɗan sabulun wanki. Yaji a kwalba mai murfi ba ya jawo magana. Kilishi da dambun nama da dafaffen abinci kuwa a bar su a gida sai in kamfani ya yarda. Magungunan Inna, da takardar likita, da fasfo, da kayan canji ɗaya, duk a jakar hannu, saboda manyan akwatuna a mina ake karɓarsu, sai bayan awanni a kawo su ƙofar ɗaki. Mai allurar sukari ta gaya wa mai kula da ɗaki, don ƙaramin firij na ɗaki ba kullum yake sanyi sosai ba.

Ranar hawa ana ba kowa lokacinsa, ki kiyaye shi. Idan akwai tsohuwa ki gaya wa ma'aikata tun daga ƙofa, suna da keken tura mutum da layin masu uzuri. Kina sa ƙafa ki karanta abin da Annabi Nuhu ya faɗa, Bismillahi majreha wa mursaha, kamar yadda ya zo a Suratu Hud.

Atisayen ceto shi ne abin da ba na son kowa ya yi wa riƙon sakainar kashi. A katinki da bayan ƙofar ɗaki an rubuta wurin taruwarku idan wani abu ya faru. Alamar haɗari ita ce busa gajeru 7 sannan doguwa 1. Da aka busa ta gwaji, Inna ta ƙirga da yatsunta, ta ce a sake nuna mata yadda ake ɗaura rigar ceto. Ma'aikaciyar ta durƙusa ta zagayo mata igiyar ta baya, ta danna maɓallin ya ce ƙas, ta nuna mata usur da 'yar fitilar da ke kafaɗa. Inna ta kwance, ta ɗaura da kanta a kan hijabinta, ta sake kwancewa. Daga nan na kama hannunta muka taka daga ƙofar ɗaki zuwa wurin taruwar ta matattakala, muna ƙirga hawa, domin a lokacin haɗari ba a shiga lif. Ki yi haka da kowa naki. Idan tsohuwarki ba za ta iya matattakala ba, ki sa a rubuta sunanta cikin waɗanda za a zo a taimaka wa. Suna da wannan rajistar. Ƙananan yara ana ɗaura musu abin hannu mai lambar wurin taruwa, kada a cire shi ko wajen wanka.

Salla ce abin da aka fi tambayata bayan kuɗi. AROYA yana da wuraren salla, abincinsa halal ne, ba a sayar da giya, babu gidan caca. Jiragen kamfanonin waje kuwa sun saba da mashaya da caca, waɗanda ke buɗewa idan an fita ruwan ƙasa. Wanda wannan zai dame shi ya sani tun kafin ya zaɓa. A kowane jirgi, abin da ke rikita mutum shi ne alƙibla, don ba ta zama wuri ɗaya. Kamfas ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin ɗaki, ƙarfen jirgi yana ruɗa shi. Ga yadda na riƙe ta. A minar Jidda alƙibla gabas take. Jirgi idan ya miƙa arewa zai bi tsawon Bahar Maliya, to tana farawa daga hannun dama, tana zamewa baya a hankali, kafin a kai saitin Yanbu ta koma kusan bayan jirgi sak, da ɗan karkata dama. A hanyar dawowa sai ta koma gaba, da ɗan karkata hagu. Talabijin ɗin ɗaki tana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, wasu ma har alƙibla suke nunawa. Ki duba ta kafin ki kabbara. Idan an tsaya a mina jirgi yakan juya kafin ya ɗaure, sai ki sake dubawa, ko ki kalli rana.

An rawaito cewa an tambayi Manzon Allah (SAW) game da salla a jirgin ruwa, ya ce a yi ta a tsaye sai in ana tsoron nutsewa. Manyan jiragen nan suna da fukafukan ƙarfe a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, saboda haka galibi za ki tsaya lafiya, ki ɗan buɗa ƙafa kawai. Wadda jiri ke ɗiba ta zauna. Kasaru ta halatta tunda tafiyar ta wuce kilomita 80 nesa ba kusa ba. Haɗa salloli ne ke da magana: a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka taso a kai, rangwamen haɗawa na tafiyar tudu ne, wasu mazhabobin kuma sun halatta a ruwa ma. Ki tambayi malaminku kafin ki tashi, kada ki bari sai kina tsakiyar teku. A gaskiya ma babu abin da zai hana ki yin kowace a lokacinta, ga ɗaki ga ruwa. Lokutan ne ke matsawa da 'yan mintoci kullum, don haka jadawalin Jidda ba zai yi miki aiki a Akaba ba.

Banɗaki ƙarami ne, kuma masansa da iska yake zuƙa, da ƙara. Ki gargaɗi tsohuwa da yara kada su firgita, kada kuma a jefa komai ciki ban da takardar da aka ajiye. Ƙyalle ɗaya yana toshe wa ɗakuna da yawa. Bayan alwala a goge ƙasa, santsi ga motsin jirgi shi ke kayar da dattijai.

Abinci ba ya yankewa. Akwai babban zaure inda kowa ke ɗiba da kansa, akwai kuma inda ake zama a kawo miki. Na farkon yakan cika da hayaniya da tsakar rana, ga neman kujera da faranti a hannu. Inna ta fi samun natsuwa a na biyun, inda ma'aikaci ɗaya ya san ba ta cin gishiri da yawa, kullum ya kawo mata miya da kifi ba sai an faɗa ba. A jirgin da ba na Musulmi ba ki riƙa tambaya, ba naman alade kaɗai ba, har giyar da ake zubawa a miya da kayan zaƙi. Ki wanke hannu da sabulu kafin kowane ci. Cutar amai da gudawa tana saurin yaɗuwa inda dubban mutane ke taɓa cokali ɗaya, man goge hannu kuma bai kai sabulu kashe ta ba. Wanda ya ji cikinsa ya ɓaci ya kira asibitin jirgi ya zauna a ɗaki, hakkin sauran mutane ne.

Jirin teku ba kowa yake kamawa ba. Arewacin Bahar Maliya da mashigin Akaba suna da iska, can aka fi jin motsi. Maganin da ake sayarwa a kantin magani kafin jiri ya fara ake sha, kuma yana sa barci. Mai wasu magunguna ta tambayi likitanta. Citta tana taimakawa, a shayi ko a tauna. Kada a zauna da yunwa, kada a cika maiƙo. Wanda ya fara ji ya fita iska ya kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, ya ajiye waya.

Yara suna da wurin wasansu da masu kula da su, an raba su bisa shekaru. Amma a wurin wanka idonki ne mai gadi. A baranda kada a bar kujera kusa da shinge, kuma a kulle ƙofarta idan babu babba. Ki duba jadawalin da ake kawowa kowane dare ko a manhajar jirgi, nan za ki ga ko akwai lokutan da aka ware wa mata a wurin wanka da motsa jiki.

Sauka a garuruwa shi ne inda nake ganin mutane na zaluntar tsofaffinsu ba da niyya ba. Sunan wuri yana da daɗin ji, amma a tambayi nisansa. Daga Safaga zuwa garin tarihi na Luxor awa 3 ne ko fiye a mota, zuwa kawai. Daga Akaba zuwa tsohon birnin Petra wajen awa 2, in an isa kuma akwai tafiyar ƙafa fiye da kilomita 1 a tsakanin duwatsu kafin a ga shahararren gininsa. Maigida da manyan yara suka je, ni da Inna muka tsaya. Jirgi ya yi tsit, kujerun inuwa duk namu, ba layi a ko'ina. Ranar tana cikin waɗanda ta fi jin daɗi. A tambaya kuma ko jirgi zai ɗaure a gaɓa ne ko da ƙananan kwale-kwale za a yi jigila, don tsallakawa cikinsu yana da wuya ga mai rauni. Idan za a yi nisa, a bi yawon da jirgin ya shirya ko da ya fi tsada: motarsu in ta makara ana jiranta, wanda ya ɗauki tasi da kansa kuwa ba a jiransa. Ana rubuta lokacin da kowa zai dawo a bakin ƙofar fita, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki. A lokacin sanyi Masar tana bayan Saudiyya da awa 1, waya kuma takan sauya da kanta ba ki sani ba. Agogon hannu ya fi aminci. Ki ɗauki hoton lambar wakilin jirgi a garin, tana cikin jadawalin ranar.

Ina so in yi magana a kan ma'aikata. Yawancinsu daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke, suna yin watanni ba su ga 'ya'yansu ba, aiki kullum babu ranar hutu. Mu da muka san zaman ƙasar wani, muka san yadda ake kallon mai aikin gida, bai kamata a ji mu muna daka musu tsawa ba. Ki koyi sunan mai gyara miki ɗaki, ki hana yara watsa abinci, in kina da hali ki ba shi wani abu a hannu ranar rabuwa, ban da kuɗin hidimar da aka yanka.

Daren ƙarshe za a ba ku takardun ɗaura wa akwatuna masu launi, launin shi ne lokacin saukarku. Ana ajiye akwatunan a ƙofar ɗaki kafin a kwanta, a kwashe su cikin dare, saboda haka ki ware kayan da kowa zai sa da safe, da abaya, da takalmi, da magani. A daren ki nemi lissafin kuɗinki ki bi shi layi-layi. Gyara yana da sauƙi kina cikin jirgi, da safe kuwa layin teburin yakan yi tsawo. Wanda ya yi niyyar wucewa Umra daga mina ya tuna cewa mai tahowa ta ruwa daga arewa yana ratsa saitin miƙatin Juhfa, kusa da Rabig, kuma galibi cikin dare ake wuce wurin. Ya ajiye haraminsa a jakar hannu, ya tambayi ma'aikata lokacin da za a kai saitin, hukuncin mazaunin Jidda ko Makka kuma ya ji shi daga bakin malami tun kafin tafiya. Mai zuwa ɗaukarku ki ba shi lokacin launinku, ki ƙara masa awa guda saboda jawazat da kwastan, kuma ki sake neman keken tura Inna tun daren, don da safe masu nema suna da yawa.